Zuwa Ga Ƙanina, Kan Uwar Da Ke Cikin Wasanku

Alƙahira, Masar
Cikin watan Shawwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙanina, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Yaya ƙarfin jikin Baba? Yaya Inna da hidima, yaya Auta da makaranta? An sha ruwa lafiya, an yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Na san yanzu zafin bazara ya buɗe, ana ta kai taki gona ana jiran ruwan shuka. Ni ma lafiya lau, sai karatu da zaman asibiti. Wannan zangon a ɓangaren masu haihuwa aka ajiye mu.

Wasan da kai da abokanka kuka ɗauka ya iso ni ta WhatsApp, kuma na kalle shi har ƙarshe. Wallahi kun yi ƙoƙari. Hirar samarin majalisa a gindin darbejiya ta yi daɗi, haka ake magana a garinmu, ba ƙari ba ragi, har na ji kewar gida ta taso mini. Tunda ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta: komai na wasan na yarda da shi, ban da uwar yaron.

Wannan matar ban san ta ba. Ba a gidanmu take ba, ba a gidan Kawu ba, ba a kowane gida na unguwarmu ba. Kun ɗauko yarinyar da ba ta wuce sa'ata ba, kun barbaɗa mata hoda a gashin goshi, kun ba ta sanda, kun ce ta riƙa karkarwar murya. Daga farkon wasa zuwa ƙarshensa tana zaune a kan tabarma, hannunta ba komai. Magana uku gare ta: ba za ka auri yarinyar nan ba, Allah ya isa nonona da ka sha, sai kuma kuka. Ba daga ƙauyenmu ka samo ta ba, daga talabijin ka kwaso ta.

Ban ga laifinka sosai ba, don abin da muka tashi muna gani ke nan. Tun zamanin kaset, har Arewa24 ta zo a 2014, har yanzu da kowa ke bin shiri mai dogon zango a YouTube, uwa a wasanninmu ba ta cika wuce iri biyu ba. Ko dai Hajiya ce a falo, da leshi da gwal, aikinta raba ɗanta da matarsa, in abin ya ƙi ta nufi wajen boka. Ko kuma baiwar Allah ce marar baki, ana cutarta tana share hawaye da gefen mayafi. Akwai shirye-shiryen da suka yi abin kirki, ba na musun haka. Kuma ban ce babu muguwar uwar miji a duniya ba, mun gani da idonmu. Amma in mutum zai auna iyayenmu mata da abin da ake nunawa, sai ya ɗauka ba su da wani aiki sai sa ido a auren 'ya'yansu.

Allah ya ji ƙan Hajiya Saratu Giɗaɗo, Daso, da ta rasu a watan Afrilun 2024 ana cikin azumi. Matar nan ta iya wasa, fuskarta kaɗai tana ba da labari. Amma ka duba yawan fitowar da aka sa ta yi a matsayin mai zafin zuciya da makirci, har wasu suka riƙa ɗauka halinta ne. Ka kuma tuna hirar da Ladin Cima ta yi da BBC Hausa a farkon 2022, inda ta ce 'yan dubbai kaɗan ake sallamarta da su in ta fito a fim, duk da shekarun da ta kwashe a sana'ar. Wasu masu shirya fim sun musanta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, ba a rubuta wa dattijuwa babban matsayi. Fitowa biyu ko uku za ta yi, ta sa albarka ko ta tsine, a sallame ta. Wanda ba a rubuta masa labari ba, ina za a ba shi kuɗin kirki?

Nan Masar ma da sauran gyara. Cikin azumi kowace tasha da shirinta mai kashi 30, da an sha ruwa gidaje sai su yi tsit. Tsohuwar da muke haya a gidanta takan kira mu mu zauna tare. Iyayen da ake nunawa sun yi jika a labari, amma fuska a miƙe ba ko layi ɗaya, an tashi daga barci da kwalliya. Tsohuwar takan ɗaga hannuwanta da wanki da girki suka cinye, ta ce mu nemo mata mai irin hannun nan a cikin akwatin. Ita ce ta ba ni labarin 'yar wasan Masar Amina Rizƙ, wadda ta rasu a 2003, ta shafe rayuwarta tana fitowa a uwa har Misirawa suka ɗauke ta tamkar uwarsu, alhali ba ta taɓa aure ba. Na tambaye ta to ta yaya ta iya? Ta ce ai kallon mata take yi da kyau. Abin da nake so ka yi ke nan.

Ka zauna rana guda a tsakar gida ka dubi Inna. Kafin assalatu ta hura wuta. Kafin ku dawo daga masallaci koko ya dahu, an ɗora ɗumame. Daga nan surfe, tankaɗe, ban ruwan awaki, suyar gyaɗa da murzar tunkuza, ta matse mai ta soya ƙuliƙuli a ɗora wa yara su kai bakin kasuwa. Tana magana hannunta na aiki. Ko faɗa za ta yi maka, tana tsince wake take yi. Kuɗin jarrabawata na gama sakandare, tunkiyarta aka kai kasuwar Gujungu. Kwanukan Yaya Babba tun tana goye aka fara tara su da kuɗin adashi. Ka taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya Babba? Ba ta taɓa ba, 'yar fari ce, sai dai "ke" ko "waccan". A wasanku kuwa uwa ta rungume ɗanta na fari tana cewa tana ƙaunarsa. Inna ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Amma in Yaya ta zo gida, ka lura da wanda ake ɓoye wa ƙanzo da tsokar da ta fi kyau a ƙasan kwano. In ka iya ɗaukar wannan da kyamara, ba sai kowa ya yi kuka ba, mai kallo zai gane.

Yanzu zan shiga maganar da ta fi damuna. Wannan sashen kada ka karanta wa Inna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kai ma ka girma, kuma ni aikin da nake koya ke nan.

Kana ƙarami lokacin da aka haifi Auta, ba lallai ka tuna ba. Inna ta haura arba'in a lokacin. A shekarar ce kuma aka kawo Yaya Babba gida goyon ciki, haihuwarta ta fari. Ka ga uwa da 'ya duka da juna biyu a gida ɗaya. Kunya ta hana Inna sakat. Ta riƙa ɗaura zani har ƙirji tana lulluɓa da babban mayafi, ba ta fita ko barka, awo kuwa ko sau ɗaya ba ta je ba, don kada a gan ta a layi ɗaya da sa'o'in 'yarta. Mata na shigowa suna tsokana, wai tsohuwa ta ƙi barin wa yara fili. Ita ke dafa wa Yaya ruwa, ita ke daka, ita ke komai. Ni na ga ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Zoben azurfarta ya nutse a yatsa, sai da aka sa sabulu aka cire. Tana ɗaure kai da ɗankwali tamau saboda ciwon kai, tana cewa tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idonta. Kowa ya ce zafi ne, a jiƙa mata tsamiya.

Wani dare cikin damina ta faɗi a bakin murhu tana jijjiga, ta taune harshe. Aka ce iska ce, aka kawo hayaƙi da rubutu. Allah ya saka wa Gwaggo da alheri, ita ta tsaya kai da fata sai an tafi asibiti. Aka samo motar kasuwa aka shimfiɗa katifa a baya, aka bi hanyar nan mai taɓo zuwa Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aiki da asibitin gwamnati tun 2008 a ɓangaren haihuwa da masu yoyon fitsari. Da allura da aiki aka ceto ta, aka ceto Auta.

Sai da na zo nan na san sunan abin da na gani. Hawan jini ne na masu juna biyu. Alamominsa su ne waɗancan: kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi. In aka auna jini aka duba fitsari a wajen awo, ana kama shi tun bai kai ga jijjiga ba, kuma akwai allurar magnesium sulphate da ke hana jijjigar. Ya fi kama mai cikin fari da kuma wadda ta kai arba'in. Macen da ta haihu sau biyar ko fiye kuma ta fi shiga haɗarin zubar jini bayan ta sauka. Ka haɗa wannan da abin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna, cewa a Jigawa haihuwar mace ɗaya takan kai 7 in an daidaita, sai ka gane Inna ba ita kaɗai ba ce. Kusan kowace unguwa akwai uwar da ke goyo tare da 'yarta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Duk lokacin da malami ya ambaci wannan adadi a aji, 'yan ajinmu sai su waiwayo su dube mu, ni kuwa bakin murhun nan nake gani.

To ina wannan matar a wasanninmu? A fim ciki na amarya ne. Ta yi amai sau ɗaya, likita ya ce albishirinku, sai a nuno suna ana rabon goro. In kuwa babbar mace ta samu ciki, to abin dariya aka mai da shi. Ba a nuna jego yadda yake, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da kunun kanwa, alhali tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu kan alaƙar yawan kanwa da zafin nan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ba a nuna macen da al'adarta ta fara ɗaukewa, tana fama da zufa da rashin barci da saurin fushi, ana cewa ta cika masifa. Wataƙila ma rabin uwayen mijin da ake zagi, ciwo ne ke cin su ba wanda ya tambaya.

Na san za ka ce akwai kunya, akwai kuma Hukumar Tace Finafinai. Ai ba ɗakin haihuwa na ce ka shiga da kyamara ba. Ka nuno silifan da ya ƙi shiga. Ka nuno mace tana jin sallamar baƙi ta yi maza ta ja mayafi. Ka nuno miji da ya lura, ya ce gobe ki shirya in kai ki awo, ko 'yar da ta daure ta ce Inna mu tafi tare. Matan garinmu suna kallo, ka sani. Waya ɗaya mata biyar ke kewayewa bayan isha'i. Abin da malamar asibiti za ta faɗa a yi mata shiru, in aka gan shi a wasa har gardama za a yi a kai a gidan biki.

Kuma ka nemo dattijuwa ta gaske ta fito. Ka ba ta turmi ko faifai a hannu, ka gaya mata abin da ake ciki, ka bar ta ta faɗa da bakinta. Ka biya ta hakkinta da mutunci. Labarin Inna kuwa ba na ɗauka ba ne kai tsaye. Ka canja gari, ka canja yawan 'ya'ya, kada wani ya kalla ya ce ai gidan su wane ne. Sirrinta ne, ba mu da ikon tallata shi.

Abin da ya sa na kasa haƙuri da maganar nan har na yi dogon rubutu, Gwaggo ta shaida mini a waya cewa Yaya Babba na da juna biyu, ga shi bara ta aurar da 'yarta. Shekarunta sun kusa na Inna a wancan lokacin, kuma na san halinta, kunyarsu ɗaya. Na kira ta ta ce lafiyarta ƙalau, ta kauda zancen. Don Allah ka je ka samu mijinta, ku yi magana ta maza cikin ladabi, ya kai ta awo tun yanzu, kuma a shirya haihuwa a asibiti. A ajiye lambar direba, a san wanda zai ba da jini in an buƙata. Na tura kuɗi ta asusunka. Ka cire na mota da na awo ka ba shi a hannu, ka sayi na'urar awon jini irin ta ɗaurawa a dantse, a riƙa auna ta, a riƙa auna Inna ma. In ka ga lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, kada a jira, a tafi asibiti, sannan ka kira ni ko tsakar dare ne. Ragowar ka saya wa Baba taki buhu ɗaya in ya isa.

Ka gaishe da Baba da Inna, ka ce ina neman albarka, jarrabawa ta matso. Ka gaishe da Gwaggo da Kawu da mutanen gidansa, da abokan wasanka. Auta ta dage da hadda. In kun ɗauki kashi na gaba ka turo mini.

Wassalam.

Yayarka