Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Horar da Ma'aikata

Assalamu alaikum 'yan'uwa membobi.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Aikin da kwalliya ta biya kuɗin sabulu a bana shi ne bitar kwana 2 kan ajiye lissafi, wadda aka shirya wa ma'aji da jami'an kuɗi bayan Ƙaramar Sallah. Sharaɗin shiga ɗaya ne: kowa ya zo da littafin shiga da fitar kuɗi na ƙungiyarsa, da baucocin biya na wata 3, da takardar bayanin asusu ta banki ta waɗannan watannin. Ba a kunna majigi ba. A kan takardun kowa aka yi aiki, shi ya sa darasin ya zauna.

Ranar farko an ƙare ta ne kan daidaita littafi da banki. Ana ɗaukar ragowar kuɗin da banki ya nuna a ƙarshen wata, a ƙara abin da aka zuba amma bai bayyana ba tukuna, a cire cekin da aka bayar ba a je an karɓa ba. Sannan a koma littafi a shigar da abin da banki ya yanka. A nan ne akasarin littattafan suka karkace: kuɗin saƙon alat, kuɗin kula da asusu, da naira 50 ɗin nan da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye. Ba wanda ke rubuta su, sai su taru har ƙarshen shekara, mai binciken kuɗi ya zo ya tarar da giɓi, a fara kallon ma'aji da wani ido alhali bai ci ko kwabo ba.

Kuɗin ƙananan buƙatu kuwa, a tsayar da adadi guda, mutum ɗaya ya riƙe. Duk sa'ar da aka buɗe akwatin, tsabar da ta rage da rasitan da ke ciki su haɗu su ba da wannan adadin cif. Ɗan adaidaita da mai sayar da ruwa ba su da rasit, don haka a cike bauca, wanda ya kashe ya sa hannu, wani ya tabbatar. Mai neman kuɗi, mai amincewa da mai biya kada su zama mutum ɗaya. Ƙungiyar da ma'aikatanta ba su wuce 3 ba, ɗaya daga cikin amintattu ya riƙa amincewa.

Rana ta biyu an bi wajibai na doka. A ƙarƙashin dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA ta 2020, ƙungiya mai rajistar amintattu tana miƙa rahotonta na shekara ga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Harajin da aka cire daga albashi kuma ana kai shi hukumar haraji ta jiha kafin ranar 10 ga wata mai biyowa ta wuce. Muna godiya ga ƙungiyar da ta ba mu zaurenta kyauta, da malamin da ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Horon tattara bayanai da manhajar KoboToolbox da aka yi alkawari bai yiwu ba, kuma mun ji ƙorafin da ake yi a zauren WhatsApp. Wannan horo yana buƙatar wuta ta wuni guda, da data, da wayoyin Android da za a gwada cike fom babu intanet a tura daga baya. Dizal ba a sayensa da fatan alheri. Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai rabi ba, kuma a cikin masu ɗaga murya akwai waɗanda ake binsu na bara.

Horon rubuta takardar neman tallafi an fara, an tsaya a kasafin kuɗi. Da aka sanar cewa babu kuɗin mota, zama na biyu kujeru muka tarar. Wasu shugabanni kuma kullum su ke zuwa da kansu, su bar ma'aikacin da zai yi aikin a ofis. Ka'idar da muka amince da ita ta cewa wanda aka horar ya koma ya koyar da abokan aikinsa cikin mako 2, ya turo takardar halarta, ƙalilan ne suka cika ta. Ga illar nan muna gani: ma'aikaci ya samu aiki a babbar ƙungiya ya tafi da iliminsa, wani lokaci har da kalmar sirrin imel ɗin ofis.

A shekara mai zuwa, ƙungiyar da ba ta biya kuɗin shekara ba ba za ta turo kowa bita ba. Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a babban taro. Wanda majigin kwamiti ke hannunsa kuma ya dawo da shi tare da wayar wutarsa kafin ranar.

Sakataren Kwamiti