A bar yara su ɓata hannu da kala, ba sai da waya ba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye mata 'yan uwana, musamman mu da ke zaune a nan Makka. Kowa ya san yadda zafin nan yake, rana sai ta haura digiri 45, yaro ba ya iya leƙa ko bakin ƙofa, ga hutun makaranta mai tsawo, shikenan sai a kulle su a shukka, wato gidan da muke zaune, ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a miƙa musu waya tun safe har isha. Nima haka nake yi wallahi, ba zan ɓoye ba, har sai da na ga autana ɗan shekara biyu da rabi yana shafa yatsa a jikin madubin talabijin wai shi zai canza hoto, abin ya tsaya min a rai.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ce ta nuna min yadda ake haɗa fentin da yara ke zane da shi da yatsu, kuma duk kayan suna kicin ɗinki. Rabin kofi na nasha, wato sitacin masara da ake samu a kowane kanti, kofi 2 na ruwa, sukari cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki dama da ruwan sanyi tukuna kada ya yi gudaji, sannan ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa, duk wadda ta iya dama koko ta gama iya wannan, da ya yi kauri ya fara sheƙi sai ki sauke. Dafawar nan kada a tsallake ta, ɗanyen gari ba abin da za a ba yaro ya lasa bane, kuma lasa kam sai sun lasa. Gishirin ma amfaninsa kenan, in ya kai baki sau ɗaya ya ji ba daɗi zai haƙura.

In ya huce sosai sai ki raba a ƙananan robobi ki sa kala. Kalar abinci ta kek tana yi, amma ni na fi son namu na gida. Zoborodo, wanda Larabawa suke kira karkade, ki jiƙa da ruwa kaɗan ya fito sosai, shi ne ja. Kurkum rawaya. Alayyahu ki markaɗa ki tace, kore kenan, koda yake koren nasa ba ya da haske sosai. Babbar 'yata ta fi kowa murna ranar da muka ɗiga ɗan ruwan kanwa a na zoborodo, jan ya juye ya koma wani shuɗi shuɗi mai duhu a gabanta, ta yi ta kiran babanta wai ya zo ya ga sihiri.

Kuskuren da na yi ranar farko, na bar su da farar jallabiya. Kurkum ba ya da mutunci a farin kaya, har yau tabon na nan. Yanzu tsohuwar riga nake sa musu, in shimfiɗa ledar sufra, wadda ake cin abinci a kai, a kan tayil, in yanka kwalin ruwa su zana a kai, wani lokaci ma cikin banɗaki nake sa su shafa a bango in sun gama na watsa ruwa har da su a ciki. Kada a sa lalle a ciki don ya daɗe a fata, baƙin lalle kuwa na kasuwa ma kada a kusantar da shi, yana ƙona fatar wasu. Fentin bango da fentin mai su ma ba na yara bane ko kaɗan.

Abin da ya rage a rufe a sa a firiji, kwana 3 ya isa, da ya fara tsami a zubar. Surukata da ta zo Umara ta ce almubazzaranci nake da abinci, na ce Hajiya rabin kofi ne fa, kafin la'asar ita ce zaune a ƙasa tana buga tafin hannun jikanta a kwali.

Taku,
Uwar yara uku, Misfala, Makka