Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Furotin na Ɓera da Binciken Mutuwar Ƙwayar Halitta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamanmu, 'yan uwa masu bincike, ɗalibai masu karatun digiri na biyu da na uku, da ma'aikatan ɗakunan gwaji waɗanda aikin yau da kullum yake hannunsu, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a wannan shekara. Lissafin kuɗi yana wurin ma'aji, kuma zai karanta shi daban a babban taro. Kusan duk ƙarfinmu a bana ya tafi ne kan abu guda, wato furotin na ɓera da ake ƙerawa a ɗakin gwaji domin nazarin yadda ƙwayar halitta take mutuwa, saboda a taron bara membobi sun koka cewa ana kashe kuɗi masu yawa a sayo waɗannan furotin, amma sakamakon da wani ya samu sau da yawa ba ya maimaituwa a hannun wani. Kwamiti ya ɗauki wannan koke da muhimmanci, ya kuma bi diddiginsa har ya gano cewa laifin bai cika zama na hannun mai aikin ba, yawanci daga abin da ke cikin kwalbar yake fitowa: ko dai furotin ɗin ba na jinsin dabbar da ake aiki da ita ba ne, ko kuwa ya riga ya lalace kafin a buɗe shi.

Zaman karatu na wata-wata

Mun fara shekarar da komawa tushe, domin an lura cewa ɗalibai da dama suna amfani da kalmar afoftosis, wato mutuwar ƙwayar halitta mai tsari, ba tare da sun taɓa karanta inda ta samo asali ba. An karanta takardar da John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie suka wallafa a 1972 daga Jami'ar Aberdeen, inda suka nuna cewa akwai wata irin mutuwa mai tsari da ƙwayar halitta take yi, ta tsuke, ta rarrabu ƙanana-ƙanana, maƙwabtanta su haɗiye ta ba tare da kumburi ya tashi ba. Daga nan aka wuce zuwa aikin da aka yi kan ƙaramar tsutsar nan mai suna Caenorhabditis elegans, wadda take yin ƙwayoyi 1090 a lokacin girmanta, 131 daga ciki su mutu a wuraren da ba sa canzawa, aikin da ya jawo wa Sydney Brenner da Robert Horvitz da John Sulston lambar Nobel a 2002.

Zaman da ya fi ɗaukar hankalin likitocin cikinmu shi ne na Bcl-2. An gano wannan ƙwayar gado ne a wani ciwon daji na ƙwayoyin garkuwar jiki, a wurin da kuromosom na 14 da na 18 suke musayar ɓangare, amma sai a 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams suka nuna a Melbon ta Ostireliya cewa ba ta sa ƙwayar halitta ta hayayyafa, hana ta mutuwa take yi. Daga wannan fahimta aka bi hanya mai tsawo har aka kai ga maganin venetoclax mai toshe Bcl-2, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016 domin wani nau'in sankarar jini. Mun jaddada wannan tarihi ne domin ɗalibin da yake auna 'yan ɗigon furotin a kan faranti ya san inda irin aikinsa yake iya kaiwa.

An kuma ware zama guda domin bayyana yadda ake ƙera furotin ɗin. Ana ɗauko ƙwayar gadon ɓera da ke ɗauke da umarnin furotin, a dasa ta cikin bakteriyar E. coli ko cikin ƙwayoyin ƙwari ko na dabba da ake renonsu a kwalba, su yi ta samar da shi, sannan a tace shi, sau da yawa ta hanyar liƙa masa jelar histidin shida wadda take manne wa ƙarfen nikel. Wannan fasaha ta dashe ta samo asali ne daga aikin Stanley Cohen da Herbert Boyer na 1973, kuma a ƙungiyarmu mun amince mu riƙa kiran abin da take samarwa furotin ɗan dashe.

Batun jinsi, wanda shi ne babban abin da muka koya

A nan ne muka fi daɗewa, kuma kwamiti yana roƙon kowa ya karanta wannan sashe da natsuwa. Harshenmu da kansa yana iya jefa mu cikin kuskure, domin kalmar ɓera ta haɗa dabbobi biyu da masu kimiyya suka raba, wato ƙaramin ɓera, Mus musculus, da babban ɓera, Rattus norvegicus, irin na Wistar da yawancin gidajen dabbobin jami'o'inmu suke kiwo. An samu takardun neman saye a bana da aka rubuta ɓera kawai, alhali mai binciken da manyan ɓeraye yake aiki. Daga yanzu sakatariya ba za ta karɓi takardar da ba a rubuta sunan dabbar na kimiyya a kanta ba.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne sayen furotin na ɗan Adam a zuba wa ƙwayoyin ƙaramin ɓera, bisa tunanin cewa ai duk TNF ne. TNF, furotin garkuwar jiki mai tayar da kumburi da kashe wasu ƙwayoyin halitta, wanda Lloyd Old da abokan aikinsa suka bayyana a 1975 a New York, yana da makama biyu, wato wuraren da yake kamawa a jikin ƙwayar halitta, TNFR1 da TNFR2. TNF na ɗan Adam yana kama TNFR1 na ƙaramin ɓera, amma ba ya kama TNFR2 ɗinsa, alhali na ɓeran yana kama duka biyun. Ga masu binciken zazzabin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, waɗanda suke amfani da ƙwayar cutar Plasmodium berghei a jikin ƙananan ɓeraye nau'in C57BL/6, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin an nuna cewa makama ta biyun tana da hannu a wannan ciwo. Wanda ya yi amfani da furotin na mutum ya rufe wa kansa rabin abin da ya fita nema, kuma faranti ba zai gaya masa haka ba.

Haka abin yake a sauran wurare. Game da TRAIL, wani furotin dangin TNF, mutum yana da makama guda biyu masu aika saƙon mutuwa, DR4 da DR5, ƙaramin ɓera kuwa guda ɗaya yake da ita. A cikin kasfes, wato furotin masu yanka wasu furotin a hanyar mutuwar ƙwayar halitta, mutum yana da na 10, ɓera ba shi da shi, sannan aikin da kasfes na 4 da na 5 suke yi a jikin mutum, kasfes na 11 ne yake yin sa a jikin ɓera. Wani ɗalibinmu ya kawo misali mai amfani daga aikinsa: ya zuba TNF a kan ƙwayoyin ƙaramin ɓera da ake kira L929, ya ƙara sinadarin zVAD mai toshe kasfes da zaton za su rayu, sai suka fi saurin mutuwa. Abin da ya gani sananne ne, wato nekroftosis, wata hanyar mutuwa daban da take bi ta furotin RIPK1 da RIPK3 da MLKL idan aka danne kasfes na 8. Da ya so ya toshe ta, ya yi niyyar sayen nekrosalfonamaid, sai wani malami ya tunatar da shi cewa wannan sinadari MLKL na mutum kaɗai yake kamawa, ba ya taɓa na ɓera. Wannan tunatarwa guda ta cece shi daga asarar kuɗi da watanni, kuma a ganin kwamiti irin wannan shi ne amfanin zamanmu tare.

Game da FasL ma, furotin da yake kama makamar Fas ya aika saƙon mutuwa, an yi bayani mai tsawo. Ɓerayen nan biyu da ake kira lpr da gld, masu kumburin kaluluwa da cutar garkuwar jiki mai yaƙar mai ita, su ne suka taimaka wa Shigekazu Nagata da mutanensa a Japan suka tabbatar a farkon shekarun 1990 cewa Fas da FasL ne suke rage ƙwayoyin garkuwar da suka yi yawa. Abin da ya shafe mu shi ne FasL da yake narke cikin ruwa ba shi da ƙarfin kisa kamar wanda yake manne a fatar ƙwayar halitta, sai an tara shi curi-curi, ko dai da furotin garkuwa, wato antibodi, mai kama jelar da aka liƙa masa, ko kuwa a sayi wanda aka ƙera shi a haɗe. Membobi biyu ko uku da suka ce nasu ba ya aiki, wannan mataki ne suka tsallake.

Saye na haɗin gwiwa da ajiya

A bana ne karo na farko da muka haɗa buƙatun ɗakunan gwaji daban-daban muka yi oda ɗaya. Kwalba guda takan ƙunshi 'yan maikurogiram kaɗan ne, amma tun da ana amfani da yawancin waɗannan furotin a ma'aunin nanogiram cikin mililita, kwalbar tana isar mutane da yawa idan aka raba ta yadda ya kamata. Tsarin da muka bi shi ne a juya kwalbar a na'ura kafin a buɗe domin garin ya sauka ƙasa, a narkar da shi a hankali ba tare da girgizawa ba, a ƙara albumin na shanu kashi 0.1 cikin ɗari domin kada furotin ya manne wa bangon roba, sannan a rarraba ƙanana-ƙanana yadda kowane rabo sau ɗaya za a narkar da shi.

Dole ne mu faɗa muku cewa mun yi asara. Furotin da suka zo a bushe, irin su TNF da TRAIL, sun jure tafiya, amma kasfes na 3 mai aiki, wanda yake zuwa a daskare cikin busasshiyar ƙanƙara kuma yake buƙatar sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ya daɗe a filin jirgi a tsakiyar zafin bazara, kuma da aka buɗe akwatin babu sauran ƙanƙara. Da aka gwada shi bai yanka komai ba. Kwamiti ya karɓi nasa rabon laifin, domin bai kamata a bar odar kayan daskare ta faɗo a wannan lokaci ba. Daga baya kuma wuta ta ɗauke na kwanaki a ɗaya daga cikin ɗakunan da muke ajiya, janareta ya ƙi tashi, sai da ma'aikatan ɗakin suka kwashe kayan da daddare zuwa wata firiza mai aiki da hasken rana. Muna yi musu godiya ta musamman. An yanke shawarar cewa daga yanzu kowane furotin za a raba ajiyarsa wuri biyu, kuma a ajiye littafin rubuta sanyin firiza safe da yamma.

Gwajin kowace kwalba

Takardar da take zuwa da kaya tana bayyana yadda furotin yake ne ranar da ya bar masana'anta, don haka muka kafa ƙa'idar gwada kowane sabon kaya kafin a raba. Ana gudanar da shi a kan jel domin a ga nauyinsa, inda TNF na ɓera yake fitowa wajen kilodalton 17, sannan a auna ƙarfinsa a kan ƙwayoyin L929 tare da sinadarin aktinomaisin D, a rubuta lambar rukunin kayan da sakamakon a littafin ƙungiya.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne gubar bangon bakteriya, wato endotoksin, wadda take iya biyo furotin da aka ƙera a E. coli. Ƙwayoyin garkuwar jiki na makrofej irin su RAW 264.7 suna amsa ko da ɗan kaɗan ne daga cikinta, su fitar da TNF nasu, har mai bincike ya zaci furotin ɗinsa ne ya yi aikin. Kayan auna ta, waɗanda ake haɗawa daga jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, suna da tsada, don haka muka koya wa membobi hanyoyi biyu masu sauƙi: a tafasa wani rabo, domin zafi yana lalata furotin amma ba ya lalata gubar, ko a ƙara maganin folimiksin B wanda yake ɗaure ta. Wani kaya mai rahusa da aka kawo ta hannun ɗan kasuwa ya faɗi wannan gwaji, ya ci gaba da aiki bayan an tafasa shi, kuma ba a raba shi ga kowa ba. Araha ba ta ado.

An yi muhawara mai zafi da masu binciken tsirrai, waɗanda suke gwada ruwan ganyen zogale ko na darbejiya a kan ƙwayoyin daji da gwajin MTT, sannan su rubuta cewa ya jawo afoftosis. Matsayin kwamiti shi ne MTT kuzarin ƙwayar halitta yake aunawa, ba ya nuna irin mutuwar da ta yi, ko ma ta mutu ɗin. Wanda zai yi wannan iƙirari sai ya nuna shi da gwajin rini na aneksin V tare da furofidiyam ayodaid, ko yankewar kasfes na 3, ko jerin gutsattsarin DNA a kan jel kamar tsani, mai tazarar kusan tushe 180, kuma ya ajiye rami guda a farantinsa da furotin sananne kamar TNF ko TRAIL domin a tabbatar gwajin kansa yana aiki. Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma za a ci gaba da tattaunawar.

Abin da ba a yi ba, da abin da ke gaba

Wasu matasanmu sun kawo shawarar mu fara ƙera TNF na ɓera da kanmu. Kwamiti yana son wannan shawara, amma ya ɗage ta, domin aiki da bakteriyar da aka yi wa dashen ƙwayar gado yana ƙarƙashin dokar da ta kafa Hukumar kula da tsaron halittu ta Najeriya, NBMA, a 2015, yana buƙatar amincewar kwamitin tsaron halittu na cibiyar da za a yi shi, kuma har yanzu ba mu da tabbatacciyar hanyar cire endotoksin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. An naɗa ƙaramin kwamiti da zai binciki ɗakin da ya cika sharuɗɗan ya kawo rahoto. Ƙamus ɗin kalmomin wannan fanni da Hausa, wanda aka yi alkawari bara, bai kammala ba.

Odar shekara mai zuwa za ta fita ne yadda kayan daskare za su iso a lokacin hunturu. Duk mai buƙata ya miƙa wa sakatariya takardarsa kafin ƙarshen damina, da sunan furotin, da sunan dabbar na kimiyya, da nau'in ƙwayoyin da zai yi aiki da su, da kuma firizar da zai ajiye rabonsa.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa