Wasiƙa ga Autana a Legon: Ka Auna Kowa da Mudu Ɗaya

Zango, Kumasi.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, karatu kuma a Jami'ar Ghana da ke Legon yana tafiya yadda ake so, ina sanar da kai cewa mu duka a gida lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yayanka ya gaya mini ka shiga ƙungiyar ɗalibai masu ra'ayin gurguzu, har kana cikin masu rubuta takardun da kuke rabawa game da yaƙin Gaza da bashin da ya yi wa Ghana katutu. Mahaifiyarka ta so in hana ka saboda tsoron abin da zai je ya dawo, amma ni ban ga dalilin hani ba, domin mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a ƙungiyar ƙwadago ba zai ce wa ɗansa kada ya tsaya wa talaka ba. Na zaɓi in rubuta maka maimakon in kira ka a waya ne don maganar ta zauna a hannunka, ka karanta ta a natse.

Yawancin abin da kuke faɗa game da manyan ƙasashe gaskiya ne, kuma kada wani ya sa ka ji kunyarsa. Patrice Lumumba ya zo Accra a watan Disamba na 1958 wurin taron al'ummomin Afirka, ya koma ya jagoranci Kwango zuwa 'yanci, aka kashe shi a ranar 17 ga Janairu 1961 da hannun Beljiyam a ciki. An kifar da Kwame Nkrumah, shugaban ƙasarmu na farko, a ranar 24 ga Fabrairu 1966 yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi neman sulhu a yaƙin Biyetnam, kuma takardun da Amurka ta fitar daga baya sun nuna jami'anta sun san da shirin, sun kuma yi murna da shi. A 2003 an mamaye Iraƙi da hujjar makaman ƙare dangi waɗanda ba a taɓa samu ba, har Kofi Annan, haifaffen garin nan namu, ya fito a 2004 yana shugabancin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yaƙin ya saɓa wa doka. A 2011 jiragen NATO sun shiga Libiya da sunan kare fararen hula, suka bar ta a wargaje, makamanta suka kwararo Mali a 2012, wutar kuma ta ci gaba da ci har ta iso Burkina Faso, wadda ke maƙwabtaka da Bawku da Paga.

Maganar bashi kuwa ba a littafi na koye ta ba. Bayan gwamnati ta karɓi shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya a 1983, an karya darajar sidi, an janye tallafi, an sallami dubban ma'aikata, ni ma ina cikinsu. Daga baya aka shigo da tsarin biya kafin magani a asibitoci. Na taɓa tsayawa a bakin tagar karɓar kuɗi ta wani asibiti, ina ganin wata mata ta kwance bakin zanenta tana ƙirga 'yan kuɗin da ke ciki sau biyu, ɗanta kuma yana kwance a kan benci zazzaɓi yana kaɗa shi, ba wanda ya taɓa shi sai da muka haɗa mata cikon. Sai a 2003 aka yi dokar inshorar lafiya. Ga shi kuma a Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ƙasa ta kasa biyan bashin waje, aka taɓa ajiyar tsofaffin ma'aikata har suka fita zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, a watan Mayu na 2023 kuma aka sake komawa Asusun ya amince da rancen dala biliyan 3. To, duk wanda ya ce maka tsarin duniya ba ya danne matalautan ƙasashe, bai zauna a Zango ba.

Amma ga abin da ya sa na rubuto. Kakarka ta sayar da hatsi shekara da shekaru, kuma abin da ta fi ƙi a duniya shi ne mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Babban haɗarin da na gani a wurin masu ra'ayinmu shi ne wannan: idan zalunci ya fito daga wanda suke ƙi sai su auna shi da babban mudu, idan ya fito daga wanda suke so sai su nemo masa uzuri. Ni tambaya ɗaya nake so ka riƙa yi a kan kowace gwamnati da kowane yaƙi, wato me ya sami talakan da abin ya faɗa a kansa, ba tare da ka fara duba tutar wanda ya aikata ba.

Ka fara da Nkrumah, wanda na san hotonsa yana manne a ɗakinka. Ya gina Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema, ya buɗe makarantu, ya ɗaga kan baƙar fata a duniya, kuma ba ni da shakka cewa kifar da shi asara ce ga Afirka. Duk da haka, a shekarar samun 'yanci kanta, 1957, gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zangon Kumasi, zuwa Najeriya saboda suna tare da 'yan adawa, da suka kai ƙara kotu kuma sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe shari'ar. A 1958 aka kawo dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, wadda a ƙarƙashinta J. B. Danquah, jigon 'yan adawa, ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. A watan Satumba na 1961 ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar ruwa a Sekondi da Takoradi, waɗanda su ne suka ɗauki Nkrumah a kafaɗa lokacin yajin aikin 1950, suka shiga yajin aiki saboda kasafin kuɗin da ya yanke musu albashi da sunan ajiyar dole, sai aka kama shugabanninsu. Ɓangaren masu adawa da Nkrumah ma bai tsira ba, domin gwamnatin Busia ce ta ba da umarnin korar baƙi a Nuwamba na 1969. Ina yaro a lokacin, na ga maƙwabtanmu da aka haifa a nan suna sayar da gida da keken ɗinki da tukwane a kan kuɗin mota, suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Mutanen Zango sun sha daga hannun hagu, sun sha daga hannun dama, shi ya sa bai kamata ɗan Zango ya zama maroƙin kowa ba.

Sai maganar soja, wadda ita ta fi damuna, domin na ji yadda samari ke yabon masu kakin da suka karɓi mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar. Na fahimci dalilin, don Faransa ta daɗe tana yi wa waɗannan ƙasashe riƙon da bai dace ba, kuma wanda ya ce mata ta kwashe sojojinta dole ya burge matashi. Sai dai mu mun ga juyin juya hali na bakin bindiga da idonmu. A 1979 an rushe kasuwar Makola ta Accra, an yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a da sunan yaƙi da kalabule, wato ɓoye kaya da tsauwala farashi, alhali yawancinsu masu neman abin sakawa a bakin salati ne. A ranar 30 ga Yuni 1982 aka sace alƙalai uku da wani tsohon hafsan soja aka kashe su. Gwamnatin da ta zo da kirarin mulkin talakawa a ƙarshen 1981 ita ce kuma ta sa hannu a shirin 1983 da na ambata, kuma ba mai ikon cewa uffan, domin an riga an rufe bakin jaridu da ƙungiyoyi. Saboda haka idan ana yabon shugabannin Sahel a gabanka, ka tambaya game da Moura, garin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500 a cikinsa a watan Maris na 2022. Ka tambaya ina 'yan jarida da 'yan ƙwadagon da suka yi suka. Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso wanda aka kashe a 1987, ya rage wa manya jin daɗi, ya yi wa yara rigakafi, ya kira shugabannin Afirka su haɗa kai su ƙi biyan bashi. Sanya jar hula irin tasa kawai ba ya mai da mutum magajinsa.

Haka batun Rasha. Wanda ya la'anci mamayar Iraƙi ba shi da bakin da zai wanke mamayar Yukiren ta 2022, ko shigar Tarayyar Sobiyet Afganistan a 1979, domin matar da bam ya rushe wa gida ba ta tambayar inda aka ƙera shi. Ka tsaya wa mutanen Gaza da iyakar ƙarfinka, don abin da ake yi musu ya wuce hankali, kuma Afirka ta Kudu ta yi abin yabo da ta kai ƙara kotun duniya a Disamba na 2023. Amma ka tambayi abokanka me ya sa takardunku ba sa ambaton Sudan, inda janar biyu suka jefa ƙasa cikin yaƙi tun Afrilu na 2023, miliyoyi suka bar gidajensu, ƙasashen waje kuma na ba su makamai.

A gida kuwa aiki ya fi yawa, ya kuma fi wuya, tunda ba a samun tafi a kansa. Kogin Offin da Pra sun koma ruwan laka saboda galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, kuma masu injinan haƙa ba yaran da ake kamawa a rami ba ne, akwai manya daga manyan jam'iyyunmu biyu, NDC da NPP, a bayansu. NDC ce ta je wurin Asusun a 2015, NPP ta je a 2023, don haka kada sunan da jam'iyya ta raɗa wa kanta ya ruɗe ka. 'Yan matan da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia suna kwana a bakin shaguna. A Yuli na 2018 'yan sanda sun harbe samari bakwai 'yan Zango a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, kwamitin bincike kuma bai sami shaidar hakan ba. A Ejura a 2021 sojoji sun buɗe wuta a kan masu zanga-zanga mutum biyu suka mutu. Idan ƙungiyarku ta iya bin sawun shari'a guda irin waɗannan har ƙarshe, ko ta zauna ta karanta kasafin kuɗin gundumar Asokore Mampong ta gano inda kuɗin magudanun ruwa ya tafi, ta yi abin da ya fi takarda ɗari a kan jari-hujja.

Kada ka karɓi kuɗin ɗan siyasa, komai ƙanƙantarsa, kada kuma ka yarda a mai da kai ɗan bangar kowa. Abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairu na 2019, mazaɓar da jami'arku take ciki, ya isa ya nuna maka yadda ake amfani da ƙarfin samari sannan a watsar da su. Idan wani a cikinku ya ce sai ka ajiye addininka kafin ka zama cikakken ɗan gwagwarmaya, ka tuna masa cewa Malam Aminu Kano malami ne masanin Alƙur'ani, kuma da shi ya yaƙi zaluncin sarakuna da na Turawa tun kafuwar NEPU a 1950. Ka riƙe sallarka, ka girmama abokanka Kirista da ke tare da kai a wannan aiki, ka kuma riƙa sauraron wanda ya saɓa maka har ya kai aya kafin ka ba shi amsa.

Karatunka shi ne gaba da komai, domin ba za ka iya ƙalubalantar yarjejeniyar bashi ba idan ba ka iya karanta ta ba. In za ku fita zanga-zanga, ku sanar da 'yan sanda kamar yadda doka ta tanada, ka kuma gaya wa yayanka inda za ka kasance, saboda hankalin mahaifiyarka ya kwanta. Ka aiko mini da takardar da ka rubuta a kan bashi, ina so in karanta ta kafin ka zo hutu mu zauna a kanta.

Mahaifiyarka da yayyenka suna gaishe ka ƙwarai. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya ba ka ilimi mai amfani.

Wassalam,
Mahaifinka.