Wasiƙar godiya ga masu gyaran magneto na ƙananan jirage a Ankara ta Ghana

Assalamu alaikum Masta, kai da duk yaran da ke aiki ƙarƙashinka.

Mu 'yan'uwanku ne na Zango da ke hulɗa da ƙananan jirage masu injin fistan, wasu matuƙa, wasu makanikai, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango, har da na Aboabo a Kumasi. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa muka fito da godiyar nan bainar jama'a. Abin da ya fi burge mu da aikinku shi ne ba ku sauya tsarin wutar injin sai kun tabbatar wanda ke kai lafiyarsa lau, kuma in kun sauya, ba ku barin rayuwar injin a hannun batir shi kaɗai.

Ga mai karatu da bai saba ba: magneto na samar da wutarsa da kansa. Maganaɗisu ne ke juyawa kusa da kwayil, kwantak ya buɗe a daidai lokaci, wuta mai ƙarfi ta bi waya zuwa fulogi. Duk tsohon fita na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da ya yi zamanin kwantak da kwandansa zai gane cikinsa da kallo ɗaya. Injin irin Lycoming O-320 ko O-360 na ɗauke da guda biyu, kowace silinda da fulogi biyu, don in ɗaya ya mutu a sama ɗayan ya riƙe injin.

Mun gode da ba ku wasa da binciken awa 500 na magneton Slick. Yanayinmu ba ya yafe sakaci. Laimar bakin teku na shiga ta kafar iska ta ci kwantak da tsatsa, ƙurar hunturu kuma ta kwanta a cikin marabar wuta, ta haɗu da danshi, wuta ta sami sabuwar hanya ta bar baƙin layi a jikin robar. Wannan layin ba ya goguwa da tsumma, kuma ku ba ku yaudarar mai jirgi cewa ya gogu. Marabar ake sauyawa. Kuna duba haƙoran giyar roba, da gawayin tsakiya, da kwandansa, da alamar mai da ya tsallake sil ya shigo ciki.

Sai batun tayimin, wato lokacin fitar wuta, inda aka fi yin ha'inci. Magneto tayimin biyu gare shi. Na ciki, wanda ake kira tazarar E, shi ne lokacin da kwantak ke buɗewa bayan maganaɗisu ya ɗan wuce tsaka-tsaki, inda wuta ta fi ƙarfi. Na waje shi ne daidaita shi da injin, digiri 25 kafin fistan ya kai ƙololuwa a yawancin O-320, amma lambar da ke kan farantin injin ita ce hukunci. Idan kam ɗin da ke buɗe kwantak ya cinye, kwantak na makara wajen buɗewa, tayimin ya ja baya. Malalacin makaniki sai ya sassauta noti ya murɗa jikin magneton har fitilar gwajin tayimin ta nuna daidai. A waje ya yi daidai, a ciki tazarar E ta goce, wuta ta yi rauni, injin ya riƙa wuyar tashi da zafi. Ku in kun ga gociyar ta yi yawa, sauke shi kuke yi ku gyara ciki tukuna.

Wajen mayarwa ma muna ganin tsarinku: a kawo silinda ta 1 kan bugun matsi, a sa fil ɗin T-118 mai kulle giyar magneton a ramin L ko R gwargwadon inda magneton ke juyawa, a zaunar da magneton a jikin injin, a zare fil ɗin kafin kowa ya taɓa farfela. Wanda ya manta ya juya farfela da fil a ciki ya lalata giyar roba, kuma ba lallai ta nuna a ranar ba. Magneton hagu, irin 4371, na da sifirin tayarwa da ke riƙe shi ya sake shi da ƙarfi don wuta ta zo a makare lokacin tayar da injin. Don haka sai an wuce har ya yi ƙas, a komo da farfela baya kaɗan, sannan a tunkari alamar ta hanyar da injin ke juyawa don a cinye lakon giya. Wanda ya auna da sifirin a ɗame, ƙarya ya auna.

Yanzu ga sauyin kansa. Masu jirage da yawa na son cire magneto ɗaya su sa na'urar wuta ta lantarki, irin SureFly ko Electroair, don saukin tashi, da hutawa daga buɗe magneton kowace awa 500, da ɗan ragin shan mai, tunda man jirgi na 100LL a nan ba arha ba ne kuma ba kullum ake samu ba. Ba ku hana su, amma kuna gaya musu gaskiya tun kafin su biya: na'urar ba ta samar da wutarta, daga batir take sha. Shi ya sa kuke jan wayar SureFly kai tsaye daga batir da fis nata na daban, ba ta cikin babban makunni ba, kuke kuma gwada ƙarfin batirin da lafiyar altaneta kafin ku ɗaura komai. Magneto ɗaya kuma yana nan daram, sabon bincike a jikinsa. A ganinmu wanda ya sa sabuwar na'ura ya bar tsohon magneton da ya wuce lokacinsa a gefe bai ƙara wa jirginsa aminci ba.

SureFly ba a digiri 25 ake ɗaura ta ba. A ƙololuwar silinda ta 1 ake ɗaura ta, sannan ƙananan makunnan da ke cikinta su gaya mata tayimin ɗin injin. Makanikin da hannunsa ya saba da magneto, in ya ɗaura ta a alamar 25, ya ninka gabatarwar wuta, kuma abin da ke biyo baya shi ne zafin kai da ƙwanƙwasa da ramin fistan. Muna jin daɗin yadda kuke sa mutum na biyu ya sake duba alamar da makunnan kafin a rufe. Haka wayar nan ta bayan makullin tayarwa, wadda ke kashe magneton dama yayin da sitata ke juyawa: kuna duba ko ya kamata ta zauna ko a cire ta, gwargwadon ɓangaren da aka sauya da abin da takardar masana'anta ta ce.

Inda muka fi yaba hankalinku shi ne zaɓi tsakanin tsayayyen tayimin da mai gabatarwa. Mai gabatarwa na karanta matsin iskar shiga da gudun injin, ya gabatar da wuta idan an rage ƙarfi. Ribarsa ta fi fitowa a can sama inda iska ta yi siriri. Jirgin koyo da ke zagaye fili ƙasa-ƙasa cikin zafin Maris ɗin Ankara, ribar kaɗan ce, zafin kan silinda kuwa ƙaruwa yake yi. Lycoming ya sa jan layi a digiri 500 na Faranhait, amma mai son injinsa ya daɗe ba ya son ganin ya zauna sama da 400. Saboda haka ba ku kunna gabatarwa sai akwai ma'aunin zafin kowace silinda, kuma robobin da ke tilasta iska ta bi ta kan silinda ba su yage ba. Injin da ke shan fetur ɗin mota da izini kuwa, a tsayayye kuke barinsa.

Fulogi ma ba ku raina su: tazara inci 0.016 zuwa 0.021 ga irin REM40E, sabuwar wosha ta tagulla, ɗauri fam-ƙafa 35 a Lycoming, wanda ya faɗi ƙasa kuma ba ya komawa injin. Takardu kuwa, izinin sauyi na STC, amincewar hukumar jiragen sama ta Ghana, GCAA, gyaran lissafin nauyi, sa hannu a littafin injin, duk kafin jirgi ya bar rumfa.

Mun kuma gode da bayanin da kuke yi wa matuƙa kan gwajin kafin tashi. A iyakar Lycoming, faɗuwar gudun injin idan an bar magneto ɗaya kada ta wuce juyi 175 a minti, bambancin ɓangarorin biyu kada ya wuce 50, littafin jirgin kuma na iya tsanantawa. Faɗuwa mai yawa ba tare da karkarwa ba, a zargi tayimin. Mai karkarwa, a zargi fulogi ko waya. Rashin faɗuwa sam ba abin murna ba ne: mai yiwuwa wayar P da ke kashe magneton ta tsinke, ma'ana farfela na iya harbawa ko makulli na aljihu. Bayan sauyi lambobin kan canza, kuma kuna rubuta sababbin a ba matuƙi ya san abin da zai sa ran gani.

Roƙonmu ɗaya, Masta: idan gurbin koyo ya samu, a tuna da yaran Zango masu hannun gyara.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare hannuwanku.

Wassalam,
'Yan'uwanku matuƙa da makanikai na Zangon Ankara da Kumasi