Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Noma: Wa Ke Gadin Lambunanmu Daga Baƙon Ƙuda?

Mai girma Minista, Sanata Abubakar Kyari,

Assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo. Maganar ƙuda ce ta kawo ni, don haka ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ka fi ni sanin labarin Bactrocera dorsalis, ƙudan nan mai ɓata 'ya'yan itace. Daga Asiya ya fito, a 2003 aka fara kama shi a gaɓar tekun Kenya, kafin a farga ya mamaye Afirka ta Yamma. Masu lambu da wuƙa suka gane ya iso. Ka tsinko mangwaro jawur, fata sumul in ban da wani ɗan ɗigo, ka yanka, sai ga fararen tsutsotsi suna mutsu-mutsu a ciki. Macen ce ta soka ƙwai a ƙarƙashin ɓawo. In tsutsa ta ƙoshi sai ta shige ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta fito da fiffike. Ruwan farko na sauka suke ninkuwa, shi ya sa mai mangwaro irin Kent da Keitt, masu nuna a makare, yake kwana da zullumi. Lemo da gwaiba ma ba su tsira ba. Wannan kam ya riga ya zama ɗan gida.

Ɗan'uwansa, Bactrocera zonata, shi ne abin tsoro yanzu. Ya daɗe a Masar, yana Libiya, ya kuma ɓulla a yankin Jazira na Sudan fiye da shekara 10 da suka wuce. Tun Afrilun 2023 Sudan take cikin yaƙi, wa ke da sukunin ƙirga ƙuda a can? Chadi ce kawai tsakaninmu. Kai ɗan Borno ne, ba sai na ba ka labarin motocin kayan da ke bin hanyar Gamboru-Ngala ba. Gemun maƙwabci ya kama wuta, ranka ya daɗe. Ina ruwan da muka shafa wa namu?

Abin da ya fi ƙona rai, tarko iri ɗaya ke kama su duka biyun. Gorar roba ce mai 'yan huji, da audugar da aka jiƙa da sinadarin metil yujinol da ɗigon maganin ƙwari, a rataye a reshe. Mazan su bi ƙamshi su faɗa ciki. Duk mako malamin gona ya zazzage, ya ƙirga, in ya ga baƙuwar fuska ya aika wa masana. Shi ke nan fa aikin.

To tarko nawa hukumar NAQS, mai sa ido kan kayan noma da ke shigowa ƙasar nan, ta rataye a Gamboru da Maigatari da Jibiya da Illela? Nawa ne a Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, inda manyan motocin Binuwai ke sauke kaya? In akwai su, ina alƙaluman, kuma da wane harshe aka buga su? Ko jira ake ƙudan ya biyo ta Abuja ya miƙa fasfonsa a buga masa hatimi?

A Yulin 2023 shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Mun sha jin zancen taki da taraktoci, madalla. ECOWAS ma, da hedikwatarta ke nan Abuja, ta yi shirin yaƙi da ƙudajen 'ya'yan itace da tallafin Tarayyar Turai da Faransa. Muna son jin rabon da ya iso lambunanmu. Turai ta tsaurara sharuɗɗan shigar da mangwaro tun 2019, kuma ba mu manta yadda ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015 ba.

Don Allah, ranka ya daɗe, kafin furen bana ya ƙulla a rataye tarkuna a iyakoki da manyan kasuwanni. Ga tashar NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, a Bagauda, a ba ta kuɗin tantance abin da aka kama. Sakamakon kuma a riƙa karanta shi da Hausa a rediyo duk wata, tare da tunatar da manomi ya kwashe 'ya'yan da suka zube ya binne su da zurfi.

Wassalam,
Wani mai lambu daga Kano