Kada ka yar da tsakuwar nan

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, na ji an ga tsakuwa a ƙodarka, kuma wai tun ranar ka daina shan nono don an ce maka kalsiyam, sinadarin da ke cikin nono, shi ke kawo ta. Kai dai har yanzu duk abin da aka faɗa a majalisa sai ka ɗauka!

Bara ni ma na sha wannan azabar, har birgima na yi a ƙasa. Likita ya sa na riƙa tace fitsarina har ta fito, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gero, baƙa mai kaushi. Da aka kai ta ɗakin gwaji sai aka ce kalsiyam okzalet ce, wato kalsiyam da ya haɗe da wani sinadari mai suna okzalet. Kusan kashi 80 cikin ɗari na tsakuwar ƙoda masu kalsiyam ne, galibi irin tawa.

Okzalet ɗin nan yana cikin alayyaho da gyaɗa da shayi, ga ku a Agadas ba ku sauke buta. Kalsiyam ɗin nono kuwa kama shi yake yi tun a hanji, su fita tare a bayan gida. In ka bar nono, okzalet ya samu hanyar shiga jini ya gangara ƙoda. Gishiri da dunƙulen miya za ka rage, don gishiri ne ke ƙara zubo kalsiyam cikin fitsari.

Amma ba lallai taka irin tawa ba ce. Akwai ta yurik asid, mai kama masu yawan cin nama da kayan ciki idan fitsari ya yi tsami. Ita har magani na iya narkar da ita, tawa kuwa ba ta narkewa. Akwai wadda ƙwayoyin cutar mafitsara ke haifarwa, ta fi samun mata, sai kuma ta wani sinadari mai suna sistin, wadda ake gado. Shi ya sa in ta fito ka adana ta a kwalba, ka kai a gwada.

Ruwa kuwa, da zafin garinku, ka sha har fitsarinka ya kai lita biyu da rabi a rana, ka riƙa matsa lemun tsami a cikin ruwan. In zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ka tafi asibiti a daren.

Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Kano